Boney M: Tambayoyi da Amsoshi Kan Waƙoƙinsu da Yadda Aka Naɗe Su

Duk wanda ya yi wayo a Kano a ƙarshen shekarun 1970 ko farkon na 1980, da wuya a ce kiɗan Boney M bai taɓa shiga kunnensa ba, ko da kuwa bai san sunan masu waƙar ba. Masu sayar da kaset a Sabon Gari suna sa su, direbobin tasi suna sa su, haka ma samarin da suka mallaki rikoda a cikin Birni da Fagge. Tun da na fara rubutu kan tsofaffin faya-fayai, babu ƙungiyar mawaƙan ƙetare da aka fi yi mini tambaya a kanta kamar wannan, daga dattawan da suke tuna ƙuruciya har zuwa yaran da suka ji waƙoƙin a waya. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, tare da amsoshinsu.

Su wane ne Boney M, kuma 'yan wace ƙasa ne?

A Jamus ta Yamma aka kafa ƙungiyar, amma mutum huɗun da aka sani da sunanta babu Bajamushe ko ɗaya a cikinsu. Dukkansu baƙar fata ne 'yan tsibiran Karibiyan. Liz Mitchell da Marcia Barrett haifaffun Jamaika ne da suka koma Ingila tun suna ƙanana. Maizie Williams 'yar tsibirin Montserrat ce, ita ma a Ingila ta girma. Namijin cikinsu, Bobby Farrell, mutumin tsibirin Aruba ne, kuma kafin ya shiga ƙungiyar aikinsa shi ne sa faifai a gidajen rawa. Akwai kuma na biyar wanda ba a ganinsa a kan dandamali, wato furodusa Frank Farian, Bajamushe da aka haifa a 1941, wanda sunansa na yanka Franz Reuther. Shi ya kafa ƙungiyar, shi yake zaɓen waƙoƙi, shi yake tsara kiɗa, kuma a hannunsa sunan yake. Wanda bai san da Farian ba, bai san tarihin Boney M ba.

Yaya aka yi aka kafa ƙungiyar, kuma daga ina wannan suna ya fito?

Waƙa ce ta riga ƙungiya zuwa duniya. Farian, wanda ya fara koyon aikin kuku kafin ya koma waƙa, an san shi a ƙasarsa da waƙoƙin Jamusanci masu sanyi. A ƙarshen 1974 sai ya naɗi wata waƙar disko mai suna “Baby Do You Wanna Bump”, wadda ya gina a kan wani kiɗa na Prince Buster, mawaƙin Jamaika. Shi kaɗai ya ɗora muryoyin waƙar, da kakkaurar murya ta namiji da siririyar da mai sauraro zai ɗauka ta mata ce. Da yake salon ya yi hannun riga da abin da aka san shi da shi, bai sa sunansa a kan faifan ba. Ya aro suna daga wani shirin talabijin na Ostireliya mai suna Boney, labarin wani ɗan sanda mai bincike, ya ƙara harafin M a ƙarshe.

Faifan ya fito a 1975, ya karɓu a Holan da Beljiyam, gidajen talabijin suka fara neman masu waƙar su zo a gan su. A nan ne Farian ya shiga neman mutanen da za su tsaya gaban kyamara. An yi ta sauya fuskoki na ɗan lokaci, Maizie Williams ce kawai ta ɗore daga sahun farko, har zuwa farkon 1976 lokacin da aka tsaya a kan mutum huɗun nan. Liz Mitchell ce ta zo daga ƙarshe, kuma ta zo da gogewa, domin ta riga ta yi aiki da ƙungiyar Les Humphries Singers. A ganina, zuwanta ne ya mayar da abin da ya fara a matsayin dabarar talla ya zama ƙungiyar waƙa ta gaske.

Wace waƙa ce ta fito da su?

“Daddy Cool” ce, daga babban faifansu na farko, wato mai ɗauke da waƙoƙi da yawa, Take the Heat off Me, wanda kamfanin Hansa ya fitar a 1976. Da farko faifan bai yi kasuwa ba. A watan Satumba na shekarar aka gayyace su shirin talabijin na Musikladen, mutane suka ga shigarsu da irin rawar da Bobby Farrell yake takawa kamar ba ƙashi a jikinsa, waƙar ta haye matsayi na ɗaya a Jamus, ta kuma shiga goman farko a Birtaniya. “Sunny” ta biyo baya, wadda asalinta waƙar Bobby Hebb ce ta 1966.

Malam, da gaske ne namijin da ake gani ba shi ne mai muryar da ake ji a faifai ba?

Gaskiya ne. Kakkaurar muryar nan ta namiji da ake ji a “Daddy Cool” da “Rasputin” da sauran manyan waƙoƙinsu muryar Frank Farian ce. Bobby Farrell yakan yi mamin ɗinta ne idan sun fito a talabijin. Ita ma Maizie Williams ba a sa muryarta a faya-fayan ba. Saboda haka abin da ake ji a faifai muryoyin mutum uku ne: Liz Mitchell, wadda ta ja mafi yawan waƙoƙin, da Marcia Barrett, wadda ta ja wasu, irin su “Belfast”, sannan Farian. Wannan magana ba ta daɗe a ɓoye ba, domin tun ƙungiyar tana kan ganiyarta jaridun Jamus suka buga ta.

Sai dai akwai gyaran da ya kamata a yi wa labarin yadda ake yaɗa shi. Wasu sukan ce Farrell da Williams ba su taɓa waƙa ba sam, 'yan rawa ne kawai. Ba haka ba ne. A wasannin da ƙungiyar take yi a gaban jama'a tare da makaɗa, su huɗun duk suna rera waƙa da bakinsu, ga kuma 'yan amshi a bayansu. A situdiyo ne Farian ya ga muryoyin biyun ba su dace da sautin da yake nema ba, ya ajiye su gefe.

To wannan ba yaudara ba ce?

Wannan ce tambayar da na fi daɗewa ina juyawa, kuma ina ganin mutumin Kano ya fi Bature saurin fahimtar amsarta. Mu da muka tashi muna kallon fim ɗin Indiya a El Dorado da Plaza da Marhaba mun san cewa jarumin da yake buɗe baki a majigi ba shi ne yake waƙar ba. Mun san akwai Mohammed Rafi da Kishore Kumar da Lata Mangeshkar, har akwai masu gane muryar kowannensu daga baitin farko. Da finafinan Hausa suka zo, tsarin da aka bi ke nan: mawaƙi ya shiga situdiyo a Zoo Road ya ɗora murya, jarumi da jaruma su hau waƙar a gaban kyamara. Ba wanda ya kira wannan ha'inci, domin kowa ya san rabon aikin, mai murya da nasa, mai fuska da nasa.

Inda gizo yake saƙar shi ne batun suna da haƙƙi. A Indiya ana rubuta sunan mai muryar a farkon fim, ana ba shi lambar yabo, ana biyansa a matsayinsa na mawaƙi. A Boney M kuwa, wanda ya sayi faifai ya kalli hoton bangonsa zai ɗauka mutum huɗu ne suka yi waƙar daidai wa daida, kuma wannan ya cuci ɓangare biyu. Ya cuci Liz Mitchell da Marcia Barrett, domin da zancen ya fasu sai jama'a suka yi musu kuɗin goro, aka riƙa cewa ƙungiyar gaba ɗaya ta bogi ce, alhali su biyun sun sha wahalar ɗora murya dare da rana. Ya kuma cuci Bobby Farrell, wanda rawarsa ce ta sayar da ƙungiyar a talabijin, amma ya sha kokawa a hirarsa da 'yan jarida cewa abin da ya samu bai kai gumin da ya zubar ba. Hukuncina shi ne, yin mamin ba laifi ba ne a sana'ar nishaɗi, amma ɓoye wanda ya yi aiki da tauye masa rabonsa laifi ne, a Jamus ne ko a Kano. Mawaƙan finafinanmu da yawa, musamman mata, sun rera waƙoƙin da suka cika gari ba tare da masu sauraro sun san ko sunansu ba, kuma wannan ya kamata ya dame mu fiye da yadda labarin Farrell yake ba mu mamaki.

Yaya ake naɗar waƙoƙin nasu?

Ba irin yadda aka naɗi Shata ko Ɗan Maraya ba ne, inda mawaƙi da kiɗa suke tashi tare a ɗauke su a zama ɗaya. Waƙar Boney M hawa-hawa ake gina ta kamar bene. Da farko makaɗan haya suke shiga situdiyo, akasari a birnin Munich, wanda a lokacin cibiya ce ta kiɗan disko a Turai, su buga ganguna da jita da fiyano. Daga nan a kawo masu goge irin na Turawa da masu busa su ɗora nasu. Na'urar naɗar tana da layuka da yawa a kan zaren kaset ɗaya mai faɗi, kowane abin kiɗa da layinsa, ta yadda za a iya ɗaga wannan a sauke wancan ba tare da an taɓa sauran ba. Sai kiɗa ya kammala ake kiran mawaƙa.

A wajen ɗora murya ne sirrin sautinsu yake. Mitchell za ta rera baiti, ta dawo ta sake rera shi a kan na farko, ta kuma rera shi da wata murya ta sama ko ta ƙasa, Barrett ma ta yi haka, wani lokaci Farian ya ƙara tasa siririyar muryar a cikin amshi. Idan aka haɗa, sai mai sauraro ya ji kamar taron mata ne suke amshi, alhali bakuna biyu ne ko uku. Duk wanda ya taɓa zama a situdiyon Kano ya ga yarinya ɗaya tana ja tana kuma yi wa kanta amshi ya ga irin wannan dabara, bambancin kawai shi ne su da zaren kaset suka yi, mu da kwamfuta muke yi.

Cikin waɗanda suka yi wannan aiki na bayan fage akwai Stefan Klinkhammer mai tsara kiɗa, da Keith Forsey mai ganga, da Michael Cretu wanda daga baya ya yi suna da aikinsa na kiɗa mai suna Enigma. Wajen rubuta baitoci kuwa, sunayen da suka fi fitowa tare da na Farian su ne George Reyam da Fred Jay. Daga baya Farian ya gina situdiyonsa na kansa a Rosbach, kusa da Frankfurt.

“Rivers of Babylon” waƙarsu ce ta asali? Me take nufi?

Ba tasu ba ce. Ƙungiyar The Melodians ta Jamaika ce ta fara naɗarta a 1970, Brent Dowe da Trevor McNaughton ne suka tsara ta, kuma ta ƙara bazuwa da aka sa ta a fim ɗin The Harder They Come na 1972. Baitocinta daga Zabura ta 137 da ta 19 aka ɗebo su, kamar yadda suke a littafin Baibul. Labarin Bani Isra'ila ne lokacin da sarkin Babila, wanda littattafan tarihi na Larabci suke kira Bukhtanassar, ya ci Ƙudus da yaƙi a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, ya kwashe su bayi zuwa ƙasarsa, wato Iraƙi ta yau. Suna zaune a bakin kogi suna kukan gida, waɗanda suka kama su kuma suna neman su yi musu waƙa.

Ga mabiya Rastafari na Jamaika, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, wannan labari nasu ne: Babila ita ce mulkin zalunci da suka tsinci kansu a ciki, gidan da ake kuka kuwa Afirka ce. Boney M sun cire kalmomin da suke nuni ga aƙidar Rastafari, suka sassauta kiɗan ya zama mai sauƙin rawa, suka fitar da ita a 1978. Ta yi mako biyar a matsayi na ɗaya a Birtaniya, an sayar da kusan kwafi miliyan biyu a can, kuma har yau tana cikin ƙananan faya-fayan da aka fi saye a tarihin ƙasar. Mutane da yawa sun yi rawa da ita ba su san waƙar baƙin ciki ba ce, amma wanda ya kasa kunne ga muryar Liz Mitchell zai ji kewar tana nan ba ta gushe ba. A wurina ita ce waƙar da ta fi nuna darajar wannan baiwar Allah.

Me ya sa ake yawan haɗa ta da “Brown Girl in the Ring”?

Domin faifai ɗaya ne. Ƙaramin faifai fuska biyu gare shi, “Rivers of Babylon” a gaba, “Brown Girl in the Ring” a baya. Da ta gaban ta fara sauka, sai masu gabatar da shirye-shiryen rediyo a Birtaniya suka juya faifan suka riƙa sa ta bayan, faifan ya sake hawa har matsayi na biyu. Ita wannan waƙa ta wasan yara ce a Karibiyan, inda ake yin da'ira yarinya ɗaya ta shiga tsakiya ta taka rawa, sannan ta zaɓi wadda za ta canje ta. Wanda ya san gaɗar 'yan mata a dandali ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Na ji kamar akwai karin Larabawa a “Ma Baker” da “Rasputin”. Kunnena ne?

Kunnenka ya ji daidai. Karin “Ma Baker” ta 1977 daga “Sidi Mansour” aka samo shi, wata tsohuwar waƙar gargajiya ta Tunisiya. Labarin cikinta kuwa na Ma Barker ne, wata Ba'amurkiya uwar 'yan fashi da jami'an hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, suka harbe a Florida a 1935, aka ɗan sauya sunan don ya zauna a baki. Shekaru da yawa bayan haka, wani ɓangare na amshinta ya sake fitowa a “Poker Face” ta Lady Gaga.

“Rasputin” ta 1978 tana ɗauke da karin wata tsohuwar waƙar Turkiyya mai suna “Kâtibim”, aka yi mata ado da kiɗan molon Rashawa. Labarin Grigori Rasputin take bayarwa, mutumin ƙauyen Saiberiya da ya samu shiga fadar Sarki Nicholas na Biyu saboda an yarda yana iya sauƙaƙa ciwon ɗan sarkin, har wasu manyan fada suka kashe shi a Disamba 1916. Kada a ɗauki waƙar a matsayin littafin tarihi, domin zancen soyayya tsakaninsa da matar sarki jita-jita ce ta zamanin wadda masana tarihi ba su tabbatar ba.

Wannan ɗabi'a ta aro ta ratsa aikin Farian daga farko har ƙarshe. “Gotta Go Home” ta 1979 sabunta wata waƙar Jamusanci ce ta ƙungiyar Nighttrain, kuma ita ma wasu masu haɗa kiɗa da ake kira Duck Sauce sun aro daga gare ta a 2010. “Hooray! Hooray! It's a Holi-Holiday” daga wata tsohuwar waƙar yara ta Amurka ta fito. Aron kari ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da masu bandiri da mawaƙan fim a Kano sun daɗe suna ɗaukar karin Indiya su zuba masa baitocin Hausa. Gwanintar Farian ita ce kunne: yana jin kari a inda wani bai kula ba, ya san wanda zai kama zuciyar jama'a.

Gaskiya ne sun yi wasa a Tarayyar Sobiyat?

Gaskiya ne. A Disamba 1978 hukumomin ƙasar suka gayyace su Mosko, a zamanin da mawaƙan Yammacin Turai ba safai suke samun wannan izini ba, har aka ɗauke su hoto a Jan Dandali, babban filin tsakiyar birnin, cikin dusar ƙanƙara. Sharaɗin da aka gindaya musu shi ne kada su rera “Rasputin”.

Manyan faya-fayai nawa suka yi?

Takwas ne na situdiyo. Bayan Take the Heat off Me na 1976 sai Love for Sale na 1977, mai ɗauke da “Ma Baker” da “Belfast”, wadda take magana kan rikicin Ailan ta Arewa. Sai Nightflight to Venus na 1978, wanda shi ne ƙololuwar aikinsu, da Oceans of Fantasy na 1979, mai ɗauke da “El Lute”, labarin Eleuterio Sánchez, wani fursunan Sifen da ya yi suna wajen tserewa daga kurkuku a zamanin mulkin Janar Franco. Waɗannan biyun duk sun hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, haka ma tarin zaɓaɓɓun waƙoƙinsu na 1980. A 1981 suka fitar da biyu, Boonoonoonoos da faifan Kirsimeti. Na ƙarshe su ne Ten Thousand Lightyears na 1984 da Eye Dance na 1985, lokacin da kasuwar disko ta riga ta ci ta watse.

Waƙar Kirsimetin da aka fi sanin su da ita, “Mary's Boy Child”, ta riga faifan Kirsimetin na 1981 fitowa. A ƙarshen 1978 aka sake ta, asalinta kuma Harry Belafonte ne ya rera ta a 1956. Ita ce ta riƙe matsayi na ɗaya a Birtaniya a Kirsimetin shekarar, kuma har yanzu idan Disamba ta kama akan ji ta a shagunan maƙwabtanmu Kirista a Sabon Gari.

Suna da wata alaƙa da Afirka ban da launin fata?

Suna da ita. A 1981 sun rera “Malaika”, waƙar soyayya ta harshen Suwahili wadda Fadhili William na Kenya da Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu suka riga suka yaɗa. Sannan da Bobby Farrell ya bar ƙungiyar bayan saɓani da Farian, wanda ya maye gurbinsa a 1982 ɗan Gana ne, Reggie Tsiboe. Shi mawaƙi ne na sosai, kuma muryarsa ce da gaske ake ji a “Kalimba de Luna” ta 1984, wadda asalinta ta Tony Esposito ce, mutumin Italiya. Abin takaici, ya zo ne a lokacin da tauraron ƙungiyar ya fara dushewa, shi ya sa ba kowa ya san shi ba. Farrell ya dawo a 1984, suka zama su biyar na ɗan lokaci.

Me ya sa waƙar da ke kaset ɗina ta dā ta bambanta da wadda nake ji a intanet?

Dalili biyu ne. Na farko, Farian mutum ne da ba ya gajiya da gyara. Yakan koma situdiyo ya sake haɗa waƙa bayan faifai ya riga ya shiga kasuwa, ya rage nan ya ƙara can, sai bugu na biyu ya fito da tsawo ko amshi daban da na farko. Nightflight to Venus ya yi suna da wannan a wurin masu tara faya-fayai. Ga kuma bambancin ƙaramin faifai na rediyo, da na babban faifai, da dogon bugu na gidajen rawa, sannan ga sabon haɗin da aka yi wa waƙoƙin a 1988 da kiɗan na'ura.

Na biyu kuma daga wajenmu yake. Yawancin kaset ɗin da suka yi yawo a Kano kwafi ne da aka naɗa daga faifai, ko daga wani kaset ɗin. Mai naɗar yakan datse waƙa idan zare ya kusa ƙarewa, kuma idan rikodarsa tana gudu fiye da ƙa'ida ko batir ya yi sanyi, sai muryar ta sauya. Kaset ɗin da na gada daga yayana haka yake: “Rasputin” a tsakiya take yankewa, kuma na yi shekaru ina ɗauka a nan waƙar ta ƙare.

Sun yi suna a Amurka kamar yadda suka yi a Turai?

A'a. Mafi nisan da suka yi a jerin Billboard, wato jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, shi ne matsayi na 30, da “Rivers of Babylon”. Kasuwarsu Turai ce da Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya.

Mece ce alaƙarsu da Milli Vanilli?

Furodusa ɗaya ne. A ƙarshen shekarun 1980 Farian ya sake gwada dabarar, ya ɗauko samari biyu, Rob Pilatus da Fab Morvan, ya sa su a gaba da sunan Milli Vanilli, wasu mawaƙan dabam suna rera waƙoƙin. Wannan karon babu muryar ko ɗaya daga cikin samarin biyu a faifan, kuma an sayar da su a Amurka a matsayin su ne mawaƙan. Sun karɓi lambar Grammy, babbar lambar yabon waƙa ta Amurka, a farkon 1990, a watan Nuwamba na shekarar Farian da kansa ya fasa ƙwai, aka ƙwace lambar. Samarin ne suka sha kunyar, Pilatus ya rasu a 1998 bayan shekaru na wahala. Bai kamata a sa Boney M a kwando ɗaya da wannan ba, tun da muryoyin matan da suke jan waƙoƙinta na 'yan ƙungiyar ne na haƙiƙa.

Yaushe suka watse, kuma ina suke yanzu?

A 1986 aka rufe babin, bayan shekara goma. Sun sake haɗuwa a 1988 na ɗan lokaci, zaman bai ɗore ba. Daga nan kowa ya kama gabansa, aka wayi gari da ƙungiyoyi fiye da ɗaya suna yawon wasa da sunan Boney M, kowace da tsohon ɗan ƙungiya ɗaya a gaba, har rigimar suna ta kai gaban kotu. Bobby Farrell ya rasu a wani otal a birnin St. Petersburg ranar 30 ga Disamba 2010, yana da shekara 61, bayan ya yi wasa a daren da ya gabata. A wannan birni aka kashe Rasputin, kuma bisa kalandar da ake amfani da ita yanzu, a rana irin wannan. Frank Farian ya rasu a Miami ranar 23 ga Janairu 2024, yana da shekara 82. Waƙoƙin kuwa ba su kwanta ba, domin a 2021 “Rasputin” ta sake tashi a TikTok, kuma ta wannan hanya ce yawancin yaran da suke yi mini tambaya suka san ta.

Wanda bai taɓa sauraronsu da kyau ba, da me zai fara?

Ya fara da Nightflight to Venus, ya saurare shi daga farko, domin waƙar buɗewa da gangunanta take zarcewa kai tsaye cikin “Rasputin” ba tare da tsayawa ba, kuma wannan haɗi ba a jinsa a tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi. Daga nan ya nemi waƙoƙi masu sanyi da ba a cika sa su a rediyo ba, irin su “Still I'm Sad” da ke Love for Sale da “El Lute”, inda kiɗa yake ja da baya ya bar wa Liz Mitchell fili. Sannan ya saurari “Belfast” don ya san muryar Marcia Barrett, wadda ta fi kauri da zafi. Idan ya yi haka sau biyu ko uku, zai iya bambance su biyun ko a cikin amshi. Daga ƙarshe ya nemi “Rivers of Babylon” ta The Melodians ya sa ta, sannan ya sa ta Boney M a bayanta.